Google Scholar da Auna Tasirin Mai Binciken Raha

Na shafe makonni ina amfani da Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi da kamfanin Google ya buɗe a watan Nuwamban 2004, domin bin sawun aikin Chris Westbury, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Alberta da ke Kanada. Westbury yana gwajin masu matsalar harshe sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa ne, inda ake nuna wa mutum kalmomin gaske da na ƙirƙira domin ya bambance su, sai ya lura cewa wasu kalmomin da ba su da ma'ana ko kaɗan suna sa mutane dariya. A shekarar 2016 shi da abokan aikinsa suka wallafa maƙala da ta nuna cewa gwargwadon yadda haruffan kalma suka kauce wa abin da aka saba gani a harshen, gwargwadon yadda take ba da dariya, ra'ayin da ya dace da na masanin falsafar nan Bajamushe, Schopenhauer, cewa dariya tana fitowa ne daga saɓanin abin da zuciya ta zata da abin da ido ya gani.

A nan ne shafin ya burge ni ƙwarai. Ƙarƙashin kowace maƙala akwai mahaɗin da ke jero duk rubuce-rubucen da suka kafa hujja da ita, kuma ta wannan hanya na isa ga masana harshe, da masu nazarin kwamfuta, da sauran masana halayya da suka ɗora a kan aikin ko suka ja da shi. Komai kyauta ne, sau da yawa ma yakan nuna inda za a sami cikakkiyar maƙalar ba tare da biyan kuɗi ba, wanda babban sauƙi ne ga ɗalibin da jami'arsa ba ta iya sayen mujallu masu tsada.

Inda nake da ƙorafi shi ne lambobin da yake liƙa wa masana. Ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana ƙirga yawan maƙalu da yawan ambatonsu ne kawai, bai san wanda ya ambaci aiki domin yabo da wanda ya ambace shi domin rushe shi ba. A 2010 wani masani Bafaranshe, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare da tarin maƙalun da kwamfuta ta haɗa masu ambaton juna, shafin kuwa ya ɗaga shi cikin manyan masana. Fagen raha ƙarami ne, don haka lambar mai aiki a cikinsa ba za ta kai ta mai binciken cutar daji ba, komai ingancin aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, da na nemi nazarin barkwanci da wasan taubasai a Hausa, kaɗan na samu, domin kundayen digiri da yawa suna nan a takarda cikin ɗakunan karatu, shafin kuwa abin da ke intanet kaɗai yake gani. Zan ci gaba da amfani da shi wajen gano wanda ya ɗora a kan aikin wane, amma ba na goyon bayan kwamitin ƙarin girma ya yanke wa malami hukunci da lambarsa ba tare da karanta maƙalunsa ba.