Gargaɗi ga kafintocin Yamai: mai tallar injin gogar katako daga Lome

'Yan uwana masu sana'ar katako, jaka 250 na yi asara a watan jiya, kuma na ga mutumin bai daina talla ba, shi ya sa na rubuto.

Atiliyena ƙarami ne, ni da yara uku a Taladje. Aikin tebura da ƙofofi ya yi mana yawa, gogar hannu kuma tana cin kwanaki, sai na fara neman injin nan mai ganga, wanda ake naɗa wa sanfefa, bel yana jan katako ta ƙarƙashinta ya fito sumul. Na zaga kasuwar Katako ban samu irin wanda nake so ba. Sai ga talla a Facebook: inji mai ganga ta santimita 40, buɗe ta gefe guda, wato in ka juya katako ka sake turawa zai goge faɗin santimita 80. Kuɗinsa jaka 500, rabi yanzu, rabi in ya iso.

Muka koma WhatsApp. Bakin mutumin kamar zuma. "Maigida, kai dai kwantar da hankalinka, kayan suna Lome, ayari kawai muke jira." Wannan magana ce ta kama ni, don kowa ya san tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kayanmu ta Lome suke biyowa, su ratso Burkina, kuma jiran ayarin manyan motoci gaskiya ne. Jinkirin da duk ɗan kasuwa ke kuka da shi, shi ya mayar mafaka. Mako uku ina jin "gobe, in sha Allah". Daga nan ya ce a ƙaro jaka 80 na duwan. A nan na tsaya, na kai wa tsohon maigidana bidiyon da ya turo mini.

Malam bai kalle shi sau biyu ba. Ya sa yaro ya tsayar da hoton daidai ƙaramin farantin da ke jikin motar injin, aka buɗa. An rubuta 115 V, 60 Hz. Ya ce, "Wannan na kuran ɗin Amurka ne, namu 220 ne, 50 Hz. Dubi ma bangon ɗakin, ina ka taɓa ganin irin wannan soket a Lome?" Ashe bidiyon wani ne ya kwaso daga intanet. Wallahi kunyar ta fi asarar zafi, don sau goma na kalli bidiyon nan, idona yana kan katakon da ke fitowa yana sheƙi.

Da ma akwai ƙaryar da ya kamata ta farkar da ni tun ranar farko. Ya ce injin yana cire milimita 5 a tashi ɗaya, har ba na buƙatar injin fere. Wanda ya taɓa aiki da injin mai ganga ya san ko rabin milimita ka danna masa da ƙarfi, sanfefar ta toshe, katako ya fito da layin ƙuna baƙi. Shafa yake yi a hankali, ka fara da sanfefa mai kaushi lamba 80 ka koma mai laushi lamba 120. Na tambaye shi batun ƙura, ya ce ba matsala. Alhali in ba a haɗa masa injin zuƙar ƙura ba, garin katako na manne wa ganga, aikin ya lalace, kai ma ƙirjinka ya sha.

Yanzu in zan saya, da katakona zan je. In zana masa layukan fensir daga gefe zuwa gefe, in tura a gabana. Idan fensir ya goge a ɓangare ɗaya ya rage a ɗayan, ganga ba ta daidaita da tebur ba. In duba bel ko yana zamewa gefe, in karanta faranti da idona, don wasu na 380 V ne, mai atiliye da kwantar wuta irin ta gida ba zai iya tayar da su ba. Sannan kuɗi ya fita daga aljihu.

Na kai ƙara komisariya da rasit ɗin aika kuɗin da duk saƙonninmu. Lambarsa a kashe take. Amma shekaranjiya wani yarona ya nuna mini sabon shafi da wani suna, bidiyon nan dai ne, bangon nan, soket ɗin nan. Wannan karon ya ce injin yana Tawa, kuma saura guda ɗaya.