Wasiƙa Daga Oslo: Yadda Ake Koya wa Yara Zamiya a Kan Ƙanƙara Kyauta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, na ga ya kamata in ba ka cikakkiyar amsar tambayar da ka yi mini ranar da ka ga hoton 'yarka tsaye a kan katakon zamiya cikin dusar ƙanƙara, ka ce ko na fara zuba kuɗi ne a wasan masu hannu da shuni. Ko sisin kwabo ban biya ba a kan katakon nan da takalmansa da sandunansa, kuma yadda aka yi haka shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina cikin duk hidimomin da na gani a ƙasar Norway.

Mutanen nan suna rubuta sunan katakon ski, amma idan za su faɗa sai ka ji sun ce "shi", kuma suna cewa da shi a ƙafa ake haihuwarsu. Da na zauna na lura, sai na gane ba a haihuwar kowa da shi. Koya musu ake yi tun suna ƙanana, kamar yadda ɗan gidan sarauta a wajenmu yake sabawa da doki tun bai kai ga likkafa ba. Bambancin kawai shi ne a nan an toshe duk wata kafar da za ta sa a bar ɗan talaka a baya.

Dokar ilimi ta ƙasar ta hana makarantar gwamnati karɓar kuɗi daga iyaye a kan duk abin da yake cikin karatu, kuma ranar fita zamiya tana cikinsa. Saboda haka takardar da aka aiko mana a watan Janairu ba ta ambaci kuɗi ba, sai dai ta ce duk yaron da ba shi da kaya a sanar da malama, ko kuma a je BUA a ara. Kalmar a harshensu tana nufin ɗan ɗakin ajiya, kuma ƙungiya ce da aka kafa a 2014, tana da rassa a sassan ƙasar, aikinta ba da aron kayan wasanni kyauta kamar yadda ɗakin karatu yake ba da aron littafi. Na tafi da fasfo da takardar zama da katin banki, domin a tunanina ba wanda zai miƙa wa baƙo kaya masu tsada haka ba tare da jingina ba. Matashin da na tarar bai nemi ko ɗaya ba, lambar wayata kawai ya rubuta. Ya sa yarinyar ta tsaya jikin bango, ya ɗauko katako ya gwada da tsawonta, ya zaɓo sanduna da suka kai mata wajen hammata, sannan ya durƙusa ya danna bakin takalmin da babban yatsansa don ya tabbatar akwai sararin safa mai kauri. Ya ce mu dawo da su bayan mako guda. A kantar da ke bayansa akwai kekuna da tantuna da takalman ƙwallo da hulunan kwano, duk na aro.

Na fito riƙe da kayan ina tuna yaran unguwarmu da suke haɗa kuɗi su sayi ƙwallo ɗaya, idan ta fashe wasa ya tsaya har wata guda. Aro ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin tun muna yara ake aika mu aron turmi da tsani da tukunyar biki a maƙwabta, kuma muna da karin maganar da take gargaɗi cewa kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ba mu da shi shi ne a mayar da aron ya zama hidimar jama'a mai ɗaki da ma'aikaci da rajista, ta yadda mai nema ba zai sunkuyar da kai ba. A layin da na tsaya, mutumin da yake gabana ɗan ƙasa ne da ya zo da mota mai kyau, ya ce ƙafar yaro ba ta shekara a takalmi ɗaya, don haka bai ga dalilin saye ba.

Filin ma kyauta ne. Dokar 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin shiga daji da tsauni, ko da ƙasar wani ce, muddin ba gona ko harabar gida ba ce, kuma birnin Oslo kewaye yake da dajin da suke kira Marka. Hukumar birni da ƙungiyar Skiforeningen, wadda aka kafa tun 1883, suna fitar da motoci su daddale ƙanƙarar su zana layi biyu da katako zai bi, wasu hanyoyin ma har da fitilu, saboda a watan Disamba wajen awa shida kawai rana take yi a sama. Jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakin dajin, a Sognsvann ko Frognerseteren. Inda ake biyan kuɗi shi ne gangaren tsauni mai kujerun da igiya take ja zuwa sama, kuma tikitinsa yana da tsada ƙwarai, ko da yake a wurare da yawa yaron da bai kai shekara 7 ba yana hawa kyauta idan ya sa hular kwano.

Na bi 'yan makarantar a ranar farko domin hankalina bai kwanta ba. Abin da malamar ta fara koya musu shi ne faɗuwa da tashi: yaro ya kwanta ta gefe, ya tattaro ƙafafunsa wuri ɗaya, ya durƙusa, sannan ya miƙe. Ta karɓe sandunan gaba ɗaya ta ce sai sun iya tsayuwa da ƙafarsu. Hawan tudu suna kiransa ƙashin kifi, saboda sawun da katakon yake bari idan an buɗe bakinsa, tsayawa kuma suna kiransa garma, wato a haɗa bakin katakon biyu a buɗe bayansu har su riƙa ture ƙanƙara kamar yadda garma take ture ƙasa. 'Yarka ta faɗi fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ta yi kuka sau ɗaya, amma kafin azahar ta gangaro wani ɗan tudu ita kaɗai tana kirana in duba.

Kuskuren da na yi a ranar na tufafi ne, kuma a nan ne kuɗi yake tafiya. Na sa mata rigunan auduga uku kamar yadda muke yi da hunturu a gida, ban san auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma sanyi a jikin yaro ba. Malamar ta taɓa wuyanta, ta ɗauko rigar ulu daga jakarta ta canza mata, ta bayyana mini cewa ulu ne yake fara taɓa fata, sai rigar ɗumi, sai ta sama mai hana iska da ruwa. Sababbin irin waɗannan sun fi ƙarfin aljihuna, don haka na nufi shagunan gwanjo na Fretex, inda na ga 'yan ƙasa suna zaɓen kaya ba tare da wata kunya ba, kamar dai mutum ya shiga Ƙofar Wambai, sai dai a nan farashi a rubuce yake, babu ciniki.

Akwai wata ƙa'ida da na daɗe ina juya ta a raina. Hukumar wasanninsu ba ta yarda a fitar da jerin na ɗaya da na biyu ba kafin shekarar da yaro zai cika 11, kuma ba ya shiga gasar ƙasa kafin 13. Da farko na ɗauka wannan zai kashe wa yara zuciya, amma ƙasar da yawan mutanenta bai kai na jihar Kano ba ita ce ta ci zinare 16 a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022. A ganina yaron da ba a kunyata shi tun yana ƙarami ba ya fi daɗewa a cikin wasa.

Mun mayar da kayan ranar da aka ce, mun goge su tas, matashin ya duba ya sake ba mu na wani makon, har da ƙaramin katako na ƙaninta mai shekara huɗu. Ina roƙonka ka yi magana da shugabannin ƙungiyar unguwa a kan ɗakin nan na gefen masallaci da yake a rufe. Idan sun amince a ajiye ƙwallaye da takalma da 'yan kekuna a ciki, a sami mutum ɗaya mai amana da littafin rajista, ni zan turo kuɗin kayan farko bayan Sallah, in Allah ya yarda. A gaida Hajiya da yara.