Tiyatar bayan Baba: a buɗe ko a huda?

Yaya, kin ce likita a Abuja ya duba hoton MRI na Baba, ya ga ƙashin L4 ya zame kan L5 (na huɗu da na biyar cikin ƙasusuwan ƙasan gadon baya) yana danne jijiya, ya ba ku zaɓi: a tsaga bayan, ko a shiga ta ƙananan huda. Kina tambaya wanne ya fi.

Aikin da za a yi a ciki kusan ɗaya ne. A cire faifan guringuntsin da ya lalace a tsakaninsu, a sa ɗan keji cike da ɓarɓashin ƙashi a gurbinsa, a ɗaure ƙasusuwan biyu da sukurori 4 da sanduna 2 na taitaniyom. Ƙarfen tallafi ne kawai. Ƙashin ne zai haɗe da kansa, wata 6 zuwa 12, ko ta ina aka bi.

Bambancin yana wajen shiga. A tsohuwar hanya ana yanka tsakiyar baya, a ɗaye tsoka daga jikin ƙashi, likita ya ga komai da idonsa. Jini ya fi zuba, ciwon ya fi daɗewa. A ta huda kuwa, bututu ake zurawa ta tsaga kamar faɗin yatsa biyu, ya raba tsokar ba tare da an ɗaye ta ba, sukurorin kuma da na'urar hoton ƙashi ake saita su. Ba a cika neman ƙarin jini ba, wurin bai cika ruɓewa ba, ana kuma sallama da wuri. Ga dattijo mai ciwon suga kamar Baba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kayan aikin da tsada, kuma hannun da bai saba ba yana iya kauce wa saiti. Bayan shekara 2, sauƙin da ake samu kusan kunnen doki ne.

Da ni ce, tunda gaɓa ɗaya ce, huda zan zaɓa, amma sai na tambayi likitan sau nawa ya yi irinta. In ya fi ƙwarewa a buɗewa, a buɗe ɗin.

Ko wacce aka yi, makonnin farko ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya. A tanadar masa kujerar sallah, a kuma tambayi likita yaushe zai iya jure hanyar Akwanga zuwa Jos. In fitsari ya fara ƙwace masa kafin ranar aikin, kada a jira, a tafi asibiti a ranar.