Tsakanin Sheffield da Manchester: Snake Pass ko Woodhead?

Ɗan'uwanmu da ya samu aiki a Manchester alhali iyalinsa suna Sheffield ya tambaya wace hanya ce ta fi daɗin kallo ga wanda zai riƙa tuƙa mota kullum, safe da yamma, tsakanin Snake Pass da Woodhead. Na shekara biyu ina bin hanyoyin nan, don haka, Malam, ga abin da idona ya gani.

Dukkansu suna ratsa tsaunukan Peak District, yankin da Birtaniya ta fara keɓewa a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a shekarar 1951, kuma tafiyar ba ta wuce kilomita 60 da ɗoriya ba. Wani alheri da ka samu shi ne da safe yamma za ka nufa, da yamma kuma gabas, saboda haka rana tana bayanka a zuwa da dawowa, tana haska maka tsaunukan maimakon ta kashe maka ido.

In dai kyau ake magana, Snake Pass, wato A57, ba ta da abokiyar takara. Kana barin Sheffield ba da jimawa ba za ka gangara zuwa tafkin Ladybower, wanda aka gina madatsarsa tsakanin 1935 da 1943, ka haye doguwar gada ruwa yana kwance dama da hagu. A ƙarƙashin ruwan nan akwai kufan ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent, waɗanda aka tashi mutanensu, kuma a shekarar 2018 da ruwa ya ja baya sosai har kangayen Derwent suka bayyana, jama'a suka yi ta zuwa kallo. Da sassafe a watan Oktoba nakan tarar da hazo ya kwanta a kan tafkin kamar auduga, saman itatuwa kaɗai ke leƙowa, kuma ban taɓa wucewa ta wurin ban yi tasbihi ba. Daga nan hanya takan kutsa cikin kurmi mai duhu, ta yi ta murɗewa a gefen kwari har ta fito fili a kan tudu mai tsayin mita 500 da 'yan kai, tsakanin tsaunukan Kinder Scout da Bleaklow, inda babu gida babu bishiya, sai tumaki da wani gajeren tsiro da yakan rufe ƙasa da furanni masu launin shunayya a watan Agusta. Mutane da yawa suna zaton kwane-kwanen hanyar ne ya jawo mata sunan Snake, wato maciji, amma sunan ya samo asali ne daga wani masauki da ke bakinta, wanda ya ɗauko shi daga hoton macijin da ke tambarin gidan sarautar Devonshire.

Sai dai wannan kyan na fasinja ne fiye da direba. Hanyar tun 1821 aka buɗe ta, ƙunci gare ta, kwanoninta ba sa nuna abin da ke gaba, kuma tunkiya tana iya tsayawa a tsakiyar kwalta ba ta da niyyar gusawa. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauka tana cikin hanyoyin da ake fara rufewa, kuma a watan Fabrairun 2022 zaftarewar ƙasa ta sa an rufe ta na makonni.

Woodhead, wato A628, hanyar manyan motoci ce. Za ka fita ta Stocksbridge da Langsett, ka hau tudu mai faɗi, sannan ka gangara kwarin Longdendale inda tafkuna biyar suke jere kamar carbi: Woodhead, Torside, Rhodeswood, Valehouse da Bottoms, waɗanda aka gina tun ƙarni na 19 domin shayar da Manchester. Turakun wutar lantarki sun ɗan rage wa kwarin kwarjini, kuma sau da yawa bayan tirela za ka yi ta kallo. Amma saboda hawanta da gangararta sun fi sauƙi, a nan ne nakan samu sararin ɗaga ido in ga ruwa da tsaunin da ke bayansa ba tare da gabana ya faɗi ba. Ita ma iska da ƙanƙara sukan sa a rufe ta, ko da yake ba kamar 'yar'uwarta ba.

Kada ka zaɓi ɗaya da fatan tsere wa cunkoso, domin Snake Pass da ta biyo ta Glossop da Woodhead da ta biyo ta Tintwistle duk a Mottram suke haɗuwa kafin babbar hanyar M67, kuma a nan kowa yakan yi haƙuri.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne hasken rana. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi, don haka wanda ke da aikin asuba zuwa magariba ba abin da zai gani a kowace hanya sai fitilun motar da ke gabansa. Daga Nuwamba zuwa Maris Woodhead nake bi, in duba sanarwar rufe hanya kafin in fita daga gida. Daga Afrilu kuwa nakan koma Snake Pass, musamman a watan Yuni da rana takan kai bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba, in tsaya a bakin Ladybower in yi sallar la'asar kafin in ƙarasa gida.