Sharhi: Ɗaukar nauyin ɗakin mage a gidan dabbobi lokacin Kirsimeti

Duk wanda ya yi hunturu a Ingila ya san cewa da zarar Nuwamba ya raba tsakiya, akwatin wasiƙarsa ba ya hutawa. Masu taimakon marasa matsuguni, masu binciken cutar daji, masu ciyar da tsofaffi, kowa na neman rabonsa daga aljihun da Kirsimeti ta sassauta wa baki. Gidajen kula da dabbobin da aka yasar suna sahun gaba a wannan kokawa. A bara na shiga ɗaya daga cikin tsare-tsaren wani ƙaramin gida irin wannan da ke bayan garinmu a yankin Yorkshire, wato ɗaukar nauyin ɗakin mage na shekara guda, na kuma je kasuwar tara kuɗin da suka ci a Disamba. Tsarin ɗaukar nauyin ya ci kuɗinsa. Kasuwar rabi da rabi ce. Tarkacen kyaututtukan da suke haɗo wa mutum kuwa asara ce tsagwaronta.

Ƙaramar 'yata ce ta ja ni. Ta daɗe tana naci a kan mage, yarjejeniyar hayar gidanmu kuma ta hana ajiye dabba. Da ta ga tallan a allon sanarwar wani kanti sai ta ce, "Abba, to tunda ba za a kawo ta gida ba, a ba ni wadda zan riƙa zuwa gaisarwa." Ba ma bikin Kirsimeti a gidanmu, amma a wannan lokacin ne suke buɗe tsarin, saboda Turawa na saye su ba juna a matsayin kyauta.

Rajistar ba wuya. Ka cike fom a shafinsu na intanet, ka zaɓi a riƙa cira daga asusunka na banki duk wata ko ka biya na shekara gaba ɗaya. Akwai wani ɗan akwati a ƙasan fom ɗin da bai kamata mai biyan haraji a Birtaniya ya tsallake ba, na tsarin da ake kira Gift Aid, wanda aka fara a 1990. Idan ka amince, hukumar haraji za ta mayar wa ƙungiyar fam 1 a kan kowane fam 4 da ka bayar, daga harajin da ka riga ka biya. Fam 10 ya zama fam 12.50 ke nan, ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Sharaɗin kawai ya zama harajin da ka biya a shekarar ya kai abin da za su karɓo. In bai kai ba, kai za a bi bashin cikon. Ɗalibin da ba ya aiki ya bar akwatin nan yadda ya gan shi.

Sai kunshin maraba. An yi alkawarin zai iso kafin 25 ga Disamba, bai iso ba sai bayan sabuwar shekara. Mu bai dame mu ba, amma na tuna wanda ya saya don ya miƙa wa jikarsa ranar biki. A ciki akwai takardar shaida mai sunan yarinyar, hoton wata baƙar mage mai farar ƙafa, biro, ɗan maganaɗisun da ake manna wa firji, da 'yar tsanar mage ta auduga. Takardar da hoton sun isa. Biron bai daɗe ba ya daina rubutu, 'yar tsanar kuma tana ƙarƙashin gado har yau. Da aka haɗa kuɗin waɗannan da na aikawa, ina jin gudummawar watan farko a gidan waya ta ƙare.

Abin da ya kamata mai saye ya gane tun farko shi ne, ɗakin kake ɗaukar nauyi, ba magen ba. An rubuta haka, amma da ƙananan baƙaƙe. Kafin a shiga azumi baƙar magen ta samu wanda ya ɗauke ta, aka sa wani jan muzuru mai kunne ɗaya a madadinta. An sha kuka a mota. Daga baya yarinyar ta gane cewa tafiyar magen ita ce ribar, ta koma lissafin baƙin da suka kwana a ɗakinta, don akwai ɗan allo a ƙofar mai ɗauke da sunanta. Su kuma masu gidan, a nan suka burge ni: duk lokacin da aka sauya mai ɗaki sai saƙo ya zo da hoto da ɗan bayani, inda aka tsinto ta, abin da ke damunta, yaushe ta tafi. Ba wani ado a rubutun, wani lokaci har da kuskuren baƙi, alamar wadda ta rubuta ta gama wanke kwanuka ne ta zauna.

Haka kuma kuɗin ba a ware shi don wannan ɗakin kaɗai, babbar tukunya yake shiga. Na tambayi wata dattijuwa mai aikin sa kai a wurin ina ya fi tafiya, ina zaton za ta ce abinci. Ta ce abinci mutane na kawowa, likitan dabbobi ne ke cinye su. Kowace mage da ta shigo sai an duba ta, an yi mata rigakafi, an ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki, an yi mata aikin hana haihuwa, muzuru kuma a fiɗiye shi. Ga kuma doka: tun daga 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a Ingila a sa wa kowace magen gida 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, wanda ya ƙi kuma tararsa na iya kai wa fam 500. Karnuka an wajabta musu tun 2016. A kan wannan sai a ɗora kuɗin ɗumama ɗakuna daga Nuwamba zuwa Maris. Ban tsaya a bakinta ba. Ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales suna da rajista a hukumar da ke sa musu ido, kuma wadda kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 a shekara dole ta miƙa bayanan asusunta, kowa na iya buɗewa ya karanta kyauta. Na sa lambar rajistarsu na duba. Abin da dattijuwar ta faɗa shi na tarar.

A cikin dabarunsu na Disamba, wadda ta fi kowace ma'ana ita ce makon ninkawa. Sun samu wani mai kantin kayan gini a garin ya yi alkawarin duk abin da jama'a suka bayar cikin mako guda zai sa kwatankwacinsa, har zuwa wani adadi. Ba su suka ƙirƙiro ba. Gidauniyar Big Give, wadda attajiri Alec Reed ya kafa a 2007, tana yin haka duk shekara ga ɗaruruwan ƙungiyoyi, tana farawa daga Talatar bayarwa, wato Talatar da ke bin bikin godiya na Amurka, al'adar da ta faro daga New York a 2012. Amfanin abin a fili yake: mai niyyar bayarwa "wata rana" ya samu dalilin bayarwa yau. Fam 20 a wannan makon fam 40 ne, kafin a zo maganar haraji. Inda suka gaza shi ne sanarwa. Saƙo ɗaya tak suka tura, sai shafinsu na Facebook, alhali kalanda sun yi ta tallarta har ta gundure ni.

Kalandar ma dai akwai wayo a cikinta, dole a yaba. Tun kaka suke buɗe gasa: ka biya ka shigar da hoton dabbarka, 'yan uwanka su biya su zaɓe ta, sha biyun da suka yi nasara su shiga kalanda, sannan ku dawo ku saye ta. Sau uku ake tatsar gida ɗaya, kuma kowa na murna.

Kasuwar kuwa a zauren wata makaranta aka ci ta. Teburin kek da biskit, teburin gwanjon littattafai da kayan wasa, katunan gaisuwa, da wani lungu inda mutane ke layi a ɗauki karensu hoto da Baba Kirsimeti. Karnuka ko'ina, wasu da rigar sanyi, suna shinshinar ƙafar wando. Na san a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma tarbiyyar gida ta fi fiƙihu ƙarfi a jikina, a takure na yini. Teburin da ya fi cika shi ne na tikitin sa'a: ka sayi lamba, in an zaro taka ka tafi da kwando, kuma yawancin kwandunan da kwalbar giya a ciki. Dokar Birtaniya kanta a ƙarƙashin dokar caca ta 2005 ta sa irin wannan, ta dai sauƙaƙa wa wanda ake yi a wurin taro don agaji. Na wuce shi na jefa nawa a bokitin bakin ƙofa. Ba wanda ya yi min kallon banza, amma matashin da ke yawo da tikitin ya dawo kaina har sai da na yi masa bayani.

Jerin buƙatu ya fi duk wannan hayaniya amfani. Suna wallafa abin da suke nema da sunansa: abincin 'ya'yan mage, yashin da suke bahaya a ciki, tsofaffin tawul, safar hannu, sabulun wanki. Ka saya ka kai, ko ka biya a intanet a kai musu. Sun kuma rubuta abin da ba sa so, kamar bargo ko matashi mai cike da gashin tsuntsu, don dabbar na yagawa ta haɗiye. A ƙasan takardar sun tunatar cewa cakulan da zabibi, waɗanda suka cika gidajen Turawa a Disamba, guba ne ga kare.

Wani abin da ya ƙara min yarda da su: a makonnin bikin sun dakatar da ba da dabba gaba ɗaya, duk da cewa a lokacin ne masu nema suka fi yawa. Dalilin tsoho ne. Tun 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust ta fito da takenta mai cewa kare na tsawon rayuwa ne, ba na Kirsimeti kaɗai ba, saboda yadda ake ba yara ɗan kwikwiyo kyauta, ɗoki ya wuce, a yasar da shi. Ita wannan ƙungiya tun 1891 take, RSPCA mai yaƙi da zaluntar dabbobi tun 1824, gidan karnuka da maguna na Battersea da ke Landan tun 1860. Irinsu suna da tallan talabijin da dukiyar wasiyya. Ƙaramin gida irin namu abin da ya tara a Disamba da shi zai ja har bazara, shi ya sa kowane biron banza ke ba ni haushi.

Da yayana na Katsina ya ji labari ya kira ni. "Kai yanzu mutane na neman na tuwo, kai kana can kana biya wa kyanwa kuɗin haya?" Na ce, "Yaya, naku bai ragu ba, ka duba." Ya yi dariya ya ce ya duba kafin ya kira. Maganarsa tana kan hanya, kuma na gida su ne farko. Zakka ma ba ta shiga nan, don dabba ba ta cikin mutum takwas da aka ambata. Sadaka ce ta ganin dama, kuma duk wanda ya yi Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Bana na sabunta, da gyara biyu. Na rubuta musu kada su aiko min da kunshi, hoto ta waya ya wadatar, suka amsa washegari suka ce za su sa wannan zaɓin a fom. Sannan abin da zan kashe a kasuwa na ajiye shi sai makon ninkawa. Wanda zai shiga ya sani cewa cirar wata-wata ba ta tsayawa da kanta idan shekara ta cika. Sai ka rubuta musu ko ka soke ta daga bankinka.