Yawon yini guda da mota a Zanzibar: abin da ɗan Damagaram ya gani

Masu tambayata a unguwannin Zango da Birni ko kuɗin da muka biya kamfanin yawon buɗe ido a Zanzibar sun yi amfani, ga amsa: mota da direba sun ci kuɗinsu, tsarin tafiyar kuwa bai ci ba. Ni da yayana muka je, bayan ya gama harkar da ta kai shi Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Jirgin ruwa na kusan awa biyu ya sauke mu a Unguja, babban tsibirin da aka fi sani da Zanzibar. A otel aka haɗa mu da kamfanin da ke sayar da zagayen yini guda: tsohon gari wato Stone Town da safe, gonar kayan ƙamshi, dajin Jozani, bakin ruwan Paje, sannan faɗuwar rana a Nungwi.

Motar tsaf take, na'urar sanyi na aiki, ga ruwan sha a ciki. A hannun hagu suke tuƙi, saɓanin mu a Nijar, don haka kada ka ce za ka yi hayar mota ka ja da kanka. Direban mai natsuwa ne, kuma da azahar ta yi shi ya tsaya a masallaci tun ba mu roƙa ba, domin galibin mutanen tsibirin Musulmi ne. Sai dai mun nemi mai jin Faransanci an ce akwai, aka kawo mana mai Suwahili da Turanci. Da ɗan Larabcin da Yaya ya samu a makarantar zaure aka lallaɓa.

Mota ba ta shiga Stone Town, sai a ƙafa. Lungunansa sun tuna mini na Birni a bayan fadar Sarkin Damagaram, sai dai nan benaye ne na dutsen teku da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Mun shiga cocin da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, har da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, masu ƙunci da ƙarancin iska. Wurin yana son mutum ya zauna ya yi tunani, amma direba na duba agogo. Gidan Tippu Tip, shahararren mai fataucin hauren giwa da bayi, daga waje kawai aka nuna mana shi.

Gonar kayan ƙamshi ba laifi. Na ga bishiyar kanumfarin da muke saye busasshe a Kasuwar Dole, da kirfa, da masoro yana hawa bishiya, ko da yake mafi yawan kanumfarin Zanzibar daga tsibirin Pemba yake fitowa. Daga nan sai talla da neman tukuici. A Jozani mun ga jajayen biran da ba a samunsu ko'ina sai Zanzibar, muka bi gadar katako cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. A ƙofa muka ji cewa kuɗin shiga ba ya cikin abin da muka biya, alhali ba wanda ya faɗa mana da safe.

Paje ce ta fanshe yinin. Mun iso teku ya janye, ya bar farin rairayi mai nisa, har sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango inda ruwan ya tsaya. Sau biyu a yini yake janyewa ya dawo, kuma lokacin yana sauyawa kullum. A wannan tsakanin mata ke shiga da zannuwansu, ruwa iya ƙauri, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. In ta girma su tsinke, su shanya, a saya a fitar waje don haɗa kayan abinci da na shafawa. Ga wanda ya tashi a garin da ake tsayawa layin famfo da jarkoki, noma a cikin ruwa abin tsayawa kallo ne, kuma mun tsaya. Muka ci shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da gasasshen kifi, kan a jima ruwan ya fara dawowa. Mai zuwa da iyali ya sani cewa shigar Turawa a bakin ruwan ba irin wadda idonmu ya saba ba ce.

Nungwi ce ɓarnar. Paje na kudu maso gabas, Nungwi na can ƙuryar arewa, tafiyar kusan awa biyu cikin ƙauyuka da tudun rage gudu da shingen 'yan sanda. Kafin mu isa rana ta faɗi, kuma a can duhu ba ya jira. Masu sassaƙa jiragen ruwan katako da garin ya yi suna da su duk sun tashi. Yaya ya ce, "Kai dai, ƙeyar direba muka biya muka kalla." Kamfanin ya san nisan, ya sayar da shi haka.

Wanda zai je ya ce a cire Nungwi a ba ta yininta dabam, ya tambayi lokacin janyewar ruwa, kuma a rubuta masa duk abin da farashin ya ƙunsa kafin ya ba da ko dala ɗaya. Ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, ya kuma tanadi dala 44 na inshorar da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024.