Google Calendar: na raba kalandar aikinmu da Alhajin Njamena, ya karanta har abin da ban nufa ba

Wata bakwai ke nan ina amfani da Google Calendar a biron Kawuna a nan Garwa. Da a wata na uku aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi ko numfashi ban ja ba. Yau kam sai na ɗan yi lissafi tukuna.

Aikinmu jigila ne. Kawu yana da kamiyo huɗu. Kaya su taso daga Duwala a jirgin ƙasa su sauka Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, mu kuma mu loda mu yi arewa da su: Garwa, Marwa, Mora, Kuseri, a haye gadar Ngeli a shiga Njamena. Ni ne mai riƙe takardu, wato ni ne wanda wayarsa ba ta hutawa. "An yi lodi?" "Mota ta tashi?" "Tana ina yanzu?" Wanda ya fi kowa yawan kira wani Alhaji ne a Njamena, mai shigo da shinkafa da sukari, tsohon abokin cinikin Kawu tun ina makarantar firamare. Ɗan Alhajin ne ya ba ni shawara in buɗe musu kalandarmu su riƙa duba ranar lodi da ranar isowa da kansu, ni ma in samu in ci abincin rana a natse.

Kuma fa abin ya yi aiki. Ko sisi ban biya ba. Na canza rana a kwamfuta a Garwa, su gani a wayarsu a can. Kamaru da Chadi agogonmu ɗaya, to babu ruɗani, kuma ko da yaron ya tafi Dubai sayayya, kalandar da kanta ta ƙara masa awa 3 ɗin da ke tsakani. Kira ya ragu sosai. Har Kawu, wanda ko saƙon tes ba ya karantawa, ya fara cewa da baƙi, "Ai mu yanzu komai namu a kwamfuta yake."

Ga inda na taka sawun ɓarawo. Idan za ka raba kalanda da wani, bayan ka rubuta imel ɗinsa ana ba ka zaɓi huɗu. Na farko, ya ga dai lokacin da kake da aiki da lokacin da ba ka da shi, ba tare da ya san ko aikin mene ne ba. Na biyu, ya ga dukkan bayanin. Na uku, ya iya gyara abin da ke ciki. Na huɗu, ya gyara, ya kuma iya shigo da wasu. Na ce na farko ba shi da amfani ga mai jiran kaya, na uku da na huɗu kuwa sai ka ce na ba shi makullin biro, saboda haka na danna na biyu ina jin na yi wayo. Abin da na manta shi ne, wannan kalandar ita ce littafina. Ƙarƙashin kowane lodi ina rubuta sunan mai kaya da kuɗin da aka yi da shi a kan tan. Duk saƙon da Kawu ya ba ni in tuna masa, nan nake jefa shi.

Wata Alhamis bayan la'asar, muna zaune ana shan shayi a ƙofar biro, wayar Kawu ta yi ƙara, Alhajin Njamena ne. Shi kuma a kullum lasifika yake buɗewa, kowa ya ji.

"Alhaji, ashe abin alheri ya samu ba a gaya wa 'yan'uwa ba? Allah ya sanya albarka, Allah ya kai mu Asabar lafiya."

Kawu ya ce, "Amin, amma wace Asabar, Alhaji?"

"Ta Gidar mana. Kai goro da kuɗin gaisuwa, ƙarfe goma na safe."

Na ji shayin ya tsaya min a maƙogwaro. Ni na rubuta shi da hannuna, har da "kada a faɗa a gida tukuna" a ƙasa. Kawu yana neman ƙara aure a Gidar, maganar da mu uku kaɗai muka sani, ni da shi da ƙanensa. Bai ce uffan ba, ya dai juyo ya dube ni.

Alhajin bai gama ba. Ya yi gyaran murya ya ce sai kuma wata 'yar magana, ba ta rigima ba ce. Ya ga lodin maƙwabcinsa na kasuwa, hanya ɗaya, mota ɗaya, amma an yi masa ragin jaka 3 a kowane tan. Shi da aka shekara da shekaru tare, laifin me ya yi? Gaskiyar magana, wancan mutumin kuɗi a hannu yake biya tun kafin mota ta bar Ngaundare, shi kuwa Alhaji sai kaya sun yi wata a magazan ɗinsa. Amma wa zai iya faɗa wa babban mutum haka a waya? Kawu ya yi ta "haba Alhaji, ai ba a haka tsakaninmu", ƙarshe dai ya sauke masa shi ma. Tan 30 a mota, jaka 90 ke nan duk tafiya, kuma har yau a haka ake.

Da ya kashe wayar ya ce, "Kai ɗan nan, sirrin gidana ka ɗora a intanet?" Na fara bayanin cewa ba duniya ce ta gani ba, mutum biyu ne kawai. Ya ce, "Mutum biyu da matansu." Ya fi ni gaskiya. Uwargidan Alhajin 'yar Garwa ce, kafin sallar isha'i labari ya riga Kawu isa gida. Abin da ya faru tsakaninsa da Hajiya babba ba nawa ba ne in faɗa, amma kwana uku a jere a biro ya ci tuwon dare, ni nake sayowa.

Ba zan ɗora wa manhajar laifi ba, don abin da na danna shi ta yi, kuma a rubuce yake ƙarara. Daga baya ma na lura ofishin da ke fitar mana da kaya a duwan, wato kwastan, su da ke amfani da asusun kamfani, mai kula da kwamfutocinsu ya toshe wannan ƙofa tun farko. In na duba kalandarsu, "occupé" kawai nake gani, wato suna da aiki. A da haushi abin yake ba ni, ina cewa rowa ce.

A daren nan na cire su daga kalandar, sai dai abin da ido ya gani ya gani. Washegari na buɗe sabuwa daban, ta Alhaji kaɗai, ba komai ciki sai lambar mota, ranar lodi da ranar da ake sa ran isa. Kowane babban mai kaya yanzu da tasa da launinta. Akwai kuma wurin da za ka sa alamar sirri a kan abu guda, mai kallon bayani ya ga kana da aiki kawai, amma ni yanzu ban yarda da kaina ba, kuɗi ya koma littafi mai bango.

To ko bayan gyaran nan ma ban ce na huta ba. Wanda ba shi da asusun Google ba ka iya raba masa kalanda shi kaɗai, sai dai ka buɗe ta ga kowa, ni kuwa na tuba. Direbobinmu huɗu, ɗaya ne ya taɓa buɗe ta, sauran sai saƙon murya a WhatsApp, shi ma in an samu rezo, wato sabis ɗin waya, don daga Mora zuwa Dabanga sai mota ta yi rabin yini ba ka ji ɗuriyarta ba. Ni zan zauna ina canza rana bisa hasashe. Abin da ya fi ci min rai kuwa, Alhaji ya ɗauki abin da ke kalanda tamkar rantsuwa. A watan Agusta da ruwa ya jiƙa hanyar Waza, mota ta kwana biyu a laka, ya kira ni sau shida yana cewa, "Ɗana, kalandarku ta ce Talata." A da in na ce masa "in sha Allahu cikin makon nan" ya gamsu. Yanzu ya ga rana a rubuce har da ƙarfe.

Tauraro uku da rabi zan bayar, rabin nan don har yanzu ina cin abincin rana ba tare da waya a kunne ba. Tafiyar Gidar kuma an ɗaga ta zuwa bayan babbar salla. Ranar da aka tsayar Kawu bai gaya min ba, kuma ban tambaya ba.